Shekarar da Na Kulle Dusa

Mahaifina mai sayar da igiya ne. Lokacin da nake lakkol, in malami ya tambayi sana'ar ubana sai in ce ɗan kasuwa, ina jin nauyin in ce mai igiya, alhali igiyar nan ce ta saya mini littafi da wando. Ba ita kaɗai ce a shagon ba. Akwai ganyen shayi da kan sukari, dunƙulallen nan da ake fasawa, akwai gishirin dabbobi da kanwa, rawani baƙi da fari, takalman roba, tocila, da ƴar dusa idan rani ya yi nisa. Amma duk faɗin Dakoro in ka ce shagon mai igiya an san inda kake nufi, can gefen kasuwa, ta inda ake shigowa da dabbobi.

Mutanen gari ba su cika tsayawa wurinmu ba. Makiyaya ne masu sayenmu. Ran kasuwa sai su kwararo daga arewa, wasu sun kwana biyu a hanya, su sayar da rago ko ɗan maraƙi, su taho da kuɗin da ɗuminsu wurin Baba. A bayan shagon akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin ajiya. Nan suke sauke sirdi da salka da jakunkunan fata, wani ma ya bar kayansa wata uku kafin ya waiwayo, kuma ba a taɓa karɓar ko dala a hannun kowa ba. A ƙofar ɗakin akwai tabarma da murhun gawayi, butar shayi ba ta sauka tun hantsi har la'asar. Sukarin kuwa daga shagon yake fita.

Tabarmar nan ce ta fara tsaya mini a rai da na dawo daga Maraɗi. Shekara biyu na yi can ina karatun kasuwanci, na dawo da takarda a hannu da iska a ka. Ina kallon Baba yana fasa kan sukari guda domin mutanen da wani cikinsu allura kawai zai saya, raina na ɓaci. Ɗaki sukutum a bakin kasuwa, wanda in haya aka bayar zai rage wa gida nauyi, an bar sirdin raƙumi na kwana a ciki kyauta. Na yi magana sau ɗaya. Baba ya ce, "Zamna ka sha shayi." Iyakar amsar da na samu ke nan.

Sai da na zauna ɗin na lura da abin da yake yi a kan tabarmar. Ni ina ganin hira ce, ashe tambaya yake. Ina ciyawa ta tsaya, wace rijiya ta yi ƙasa, su wane sun gangaro ko suna can. Tambayar da ta fi kowace ita ce ta igiya. Da gaba ake auna igiyar rijiya, wato mutum ya ware hannuwansa biyu iyakar tsawonsu. Duk wanda ya zo ƙarin igiya, sai Baba ya ji gaba nawa, kuma ta wace rijiya. In da kaka, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, aka fara zuwa ƙarin gaba biyar, gaba shida, to ruwa ya gudu ƙasa, shekara ba za ta yi kyau ba. Bai taɓa rubuta komai ba, amma da wannan yake yanke abin da zai saro daga Maraɗi. Shekarar ƙoshi ya cika shago da rawani da yadi da turare, don makiyayi in dabbarsa ta yi kuɗi yana son ado kamar kowa. Shekarar wuya ya rage kayan kwalliya, ya kawo dusa da gishiri. Ran da na gane haka na ce masa ai wannan shi ne abin da malamanmu suka yi wata shida suna koya mana, tsara dabara da hangen nesa. Ya ce, "To su maido muna kuɗɗinmu."

Shekarar da nake magana, damina ta makara, ta kuma ɗauke da wuri. Gero a gonakin wajen Kornaka ya tsaya iya gwiwa ya bushe a nan. Tun ba a gama tsintar abin da ya samu ba mutanen wajen Tagris suka fara zuwa ƙarin igiya. Cikinsu har da Baffa.

Baffa ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini. Bafillace ne, abokinsa tun kafin a haife ni. Dogo, siriri, ba ya ɗaga murya ko raƙumi ne ya taka shi. Ragon sunana daga garkensa ya fito. Da Inna ta yi ciwo ina jariri, nononta ya ƙafe, shi ya koro akuya tun daga daji ya ɗaure ta a gidanmu. Inna ta sha tuna mini wannan, musamman in na yi taurin kai, tana cewa nonon akuyar ne ya motsa. Jajayen shanu gare shi masu dogon ƙaho, kuma ya san kowace da uwarta da kakarta. In ya shigo kasuwa, abin da yake saye a wurinmu rana ɗaya ya fi cinikin kwana uku.

Ran nan sabuwar igiya ya saya mai kauri, ya ce a ƙara masa gaba bakwai a kan abin da ya saba. Idon Baba lokacin ya riga ya yi yana, da hannu yake yin komai. Naɗin da ke gabansa bai kai ba, sai ya yanko bakwai ɗin daga wani naɗin, ya haɗa da wani ƙulli nasa wanda ba ya kwancewa.

"Bakwai, aboki?" in ji Baba.

"Bakwai. Kuma ban ce ta isa ba."

Baba ya yi ta murza ƙullin. Shayin ranar bai yi armashi ba.

Sati biyu bayan haka yayata da ke aure a Maraɗi ta zo ta tafi da shi a duba idon. Aka ce sai an yi aiki, kuma sai ya zauna kusa da likita na wasu watanni. A tasha ya damƙa mini mabuɗi. Shekara arba'in yana gina shagon nan, daga shi Inna ke ci, daga shi ni da matata muke ci, ba mu da gona, ba mu da wani abu bayansa. Ya riƙe hannuna da mabuɗin a ciki ya ce, "Bana ka kawo dusa da wuri, ka kawo da yawa. Ka saida masu tun da sauran nama a jikin bisashensu." Na ce to. Rabin farko na maganar ya shiga kunnena ya zauna. Rabi na biyu na ɗauke shi irin tausayin tsofaffi, na bar shi nan tasha.

Na ce wa kaina ba a fafe gora ranar tafiya. Na tattara rawani da yadi da turare na sayar wa wani mai cin kasuwar Kornaka a kan sari, ko riba ban tsaya nema ba. Na rage shayi da sukari. Duk abin da shagon ya mallaka na juye shi ya koma dusa, tun tana araha. Wani tsohon kamyo, babbar motar kaya mai shuɗin kai, ya yi sawu uku daga Maraɗi, ƴan dako na sauke buhuna, maƙwabta na leƙe, ni kuwa ina tsaye da hannu a ƙugu. Mangazar da muke tara kaya ta cika har rufi, ga sauran buhuna jibge a waje. Sai na dubi ɗakin ajiya.

Ran kasuwar da ta biyo na ce kowa ya kwashe kayansa. Wani dattijo mai raƙumi ya tambaye ni ta bayan rawaninsa, "Mai igiya ya san da wannan?" Na ce, "Ni ne mai igiya yanzu." Makiyayi ba ya jayayya a gidan wani, sandarsa yake ɗauka. Suka fitar da sirdinsu da salkunansu ɗaya bayan ɗaya, suka koma gindin wata bishiya can nesa. Na naɗe tabarmar na jingine, na kai murhun gida. Daga ranar sai su zo su sayi abin da ya kawo su a tsaye, su wuce. Ni kuwa daɗi na ji, shago ya yi tsit, sukari ya daina zuba a banza.

Dabarar tawa ba wuya gare ta ba. In kulle dusa har tsakiyar bazara, lokacin da daji zai ƙare ƙarƙaf, kowa ya zo yana nema, kuɗinta ya ninka. Akwai mutum biyu ko uku a kasuwar da su ma suka tara, amma tawa ta fi ta kowa yawa, kuma ni suke kallo. In na buɗe su buɗe, in na kulle su kulle. Baba in ya kira a waya ya ce, "Ana saye?" sai in ce, "Ana saye, Baba." Ba tsagwaron ƙarya ba ce, ana sayen allura da batir. Matata ce kaɗai ta taɓa faɗa mini gaskiya, ran da take wanke rigata mai warin dusa. Ta ce, "Ita wagga aba ba gero ba ce hwa, tana tsuhwa." Na ce ta kula da tukunyarta.

Ƙarshen sanyi Baffa ya zo. Ya sayar da bijimai biyu a ranar, lokacin shanu da sauran daraja, kuɗin na ƙulle a bakin rawaninsa. Ya tsaya daidai inda tabarma take a da, ya dubi wurin. Na jawo masa kujerar roba. Ya ɗosana a bakinta kamar mai jiran likita. Muka gaisa, ya tambayi idon abokinsa, ya tambayi Inna da iyali, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Ɗana, dusa nika so. Buhu ashirin."

"Ashirin, Baffa?"

"Garken duka ba ya hita bana, na sani. Na zaɓi goma, uwaye, shidda da ciki. In waɗanga sun ga ruwa, garke ya dawo. Sauran na bar ma Allah."

Na san kuɗin dusa a ranar, na kuma san inda nake jiran ta kai. Buhu ashirin a farashin ranar, a idona zubar da kuɗi ne. Kuma in na buɗe wa Baffa yau, gobe duk arewa za ta taso ta ce ita ma. Na sosa ƙeya na ce, "Wallahi, Baffa, wadda ke ciki da masu ita. An riga an kama."

Ƙofar ɗakin ajiya tana gefensa. Buhuna sun turo ƙyauren har ba ya rufuwa daidai, dusa na zuba ta ƙasa, kajin maƙwabta na tsattsaga. Ya daɗe yana kallon kajin.

"Masu ita," ya ce. "To, Allah shi ba su amfaninta."

Na fito masa da buhu uku na ce wannan daga rabona ne, na kuma karɓi kuɗinsu cif. Abin kunyar, har na ji a raina kamar na yi alheri. Ya yi godiya irin wadda ake yi wa wanda ya yi kyauta. Daga baya na ji ya zagaya wurin sauran masu dusa, su ma sun ce ba yanzu ba, da ƙyar ya ƙara samun buhu biyu. Da zai tafi ya dawo ta ƙofata, raƙuminsa na biye, ya ce, "Ka gaida aboki. Kada ka ce mashi na zo, kar hankalinshi shi tashi ga shi ba lahiya."

Ban gaya wa Baba ba. Wannan umarnin kam na bi shi sau da ƙafa.

Bazara ta shigo da zafinta, komai ya tafi yadda na tsara. Abin da har yau ke ci mini rai ke nan, ban yi kuskure a hasashe ba. Daji ya ƙare. Kuɗin dusa ya ninka, ya ma wuce. Ran wata kasuwa na sa aka buɗe mangaza, aka jera buhuna a waje, na sa sabuwar riga na zauna ina jiran arewa ta zo.

Ta kuwa zo. Su tsaya, su tura hannu cikin buhu, su shinshina, su tambayi kuɗi, su wuce. Wanda ya saya, tiya biyu ko uku zai ce a auna masa ya ƙulle a gefen riga. Har azahar ban sayar da buhu biyar ba. Na ce taurin kai ne irin nasu, za su dawo. Da la'asar na kasa zama, na taka zuwa kasuwar dabbobi. Rabona da ita tun tafiyar Baba, ga ta kuwa daga ƙofata ana jin kukan shanunta.

Shanu ne ƙashi da fata. Wasu a amalanke aka kawo su don ba sa iya tafiya. Mahauta na zagayawa suna taya abin da ko akuya ba a sallamawa a kai da kaka, masu shanun kuma na sallamawa, don in suka ƙi gobe mushe ce. A gabana aka sayar da wata jar saniya mai ƙaho irin na Baffa, kuɗinta bai kai na buhuna ɗaya ba. Nan na tsaya rana na dukana, rabin maganar Baba da na bari a tasha ya iske ni. Makiyayi ba shi da kuɗi a banki ko ƙarƙashin katifa. Kuɗinsa da ƙafa huɗu yake tafiya, in dabba ta rame aljihunsa ya rame. Wata biyar ina kallon farashin dusa na hawa, ban taɓa leƙa farashin abin da za a sayar a biya ni ba. Da tabarmar na nan, da tuni wani ya faɗa mini a bakin kofin shayi, ba tare da na ma tambaya ba.

Ko a nan ban sauko ba. Girman kai ya sa na ƙara sati biyu a kan kuɗina, wai masu manyan garke za su aiko. Ba wanda ya aiko. Masu ƙarfi tun tuni sun gangara kudu da garkensu, ni ne ban ji ba.

Ana cikin haka aka dawo da Baba. An yi iya ƙoƙari, aikin bai yi ba, idon ya rufe gaba ɗaya. Washegari ya ce a kai shi shago. Ina riƙe da hannunsa, muna isa ƙofa ya tsaya cak, ya ɗaga hanci.

"Wanga wari hwa?"

"Dusa ce, Baba."

"Na san dusa. Wagga ta daɗe. Nawa ta rage?"

Na faɗa masa. Ya saki hannuna. Ya laluba da ƙafa inda tabarma take, ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya laluba ƙofar ɗakin ajiya, hannunsa ya faɗa kan buhu.

"Abokina ya zo?"

Na faɗa masa duka, har da buhu ashirin ɗin, har da rantsuwar. Ban taɓa jin Baba ya yi zagi ba, ranar ma bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Kai kana tsammani shagona cikin bangon ga yake? Shagona yana daji yana kiwo. Shi ka bari da yunwa. Ka nemo mota yanzu, ka loda ashirin ka kai mashi da kanka. Sauran ka buɗe, ko mi anka taya ka sallama."

Rabin yini muka yi cikin rairayi ni da direba. Tun kafin mu kai kowace rijiya wari ke gaya mana mun kusa. Mun tarar da Baffa da manyan ƴaƴansa biyu suna tayar da saniya. Ban taɓa ganin yadda ake yi ba sai ranar. Saniyar da yunwa ta kwantar ba ta iya tashi da kanta. Sai a zura mata itace ƙarƙashin ƙirji, a ɗaga, wani ya kama ƙaho, wani ya ja wutsiya, in ta miƙe a riƙe ta har ƙafafunta su tuna da ƙasa. In ta tsaya, ta ga wannan ranar. Na diro daga mota na kama wutsiyar ba wanda ya ce in kama. Abin da ya ba ni tsoro shi ne rashin nauyinta.

Cikin goman da ya zaɓa huɗu suka rage. Masu cikin duk sun zubar. Na farke buhu da haƙori da hannu, muka dama dusar da ruwa muka kai gabansu. Ɗaya ta lasa. Ukun suka shinshina suka kau da kai.

"Sun wuce lokacin ci, ɗana," in ji Baffa. "Cikin ya ruhe."

Ya shimfiɗa mini tabarma a ƴar inuwar wata ƙaya, ya hura wuta da kansa, ya dafa mini shayi. Da ya miƙo kofin ya ce, "Ka yi haƙuri, baƙo ya zo ba nono." Na sha zagi a rayuwata, na sha mari a lakkol, ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan ban haƙurin. Ya fara kwance bakin rawaninsa zai biya, na rantse ba zan karɓa ba. Ya dubi buhunan da aka jibge, ya dube ni, ya ce, "Masu ita sun hwasa saye?" Da murya ɗaya ya faɗe ta da sauran maganganunsa. Har yau ban san ko da gaske tambaya yake yi ba. Na kasa haɗiye shayin, na kasa ajiye kofin.

Bayan kwana goma ruwan farko ya sauko, mai yawa, da iska mai sanyi. Duk makiyayi ya san ramammiyar saniya ba ta jure ruwan farko. Huɗun nan suka kwanta cikin taɓo, ba su ƙara tashi ba. A gari kuma ruwan ya bi ta rufin mangaza, wanda tun bara ya kamata a gyara, ni kuwa na zuba kuɗin gyaran a dusa. Jiƙaƙƙiyar dusa zafi take ɗauka, in ka tura hannu cikin buhu sai ka janye. Ta yi baƙi, ta dunƙule, tsutsa ta shiga. Kafin sati ya zagayo ciyawa ta tsiro ko'ina, ba mai ƙara tambayar dusa ko kyauta. Kwana uku amalanke na kwasa ana zubarwa bayan kasuwa, jakuna ma suka ƙi ta. Abin da na sayar tun dawowar Baba bai kai ya mayar da ko kashi ɗaya cikin huɗu na kayan shagon ba. Kantoci suka zauna wayam, ba rawani, ba yadi, sai ƴan ƙulle-ƙullen shayi da batir.

Na sake shimfiɗa tabarmar, na dawo da murhun. Ba wanda ya sa ni. Kowace ran kasuwa sai in kawo Baba in zaunar da shi, in ɗora buta. Yana zaune kunnensa a hanya, duk takun da ya ji sai ya gyara zama, takun ya wuce. Wasu sun koma wurin wani, wasu ba su da abin da zai kawo su kasuwa kuma.

Wata guda bayan ruwan, da hantsi, Baba ya ɗaga kai tun ban ga kowa ba ya ce, "Ga aboki nan." Baffa ne, a ƙasa, ba raƙumi, da naɗin igiya a kafaɗa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, kowa na cewa lafiya lau. Ya zauna a tabarma, na ba su shayi na ɗaya, na biyu, na uku, ba wanda ya ambaci saniya. Sai da ya kife kofi sannan ya sauke igiyar a gaban Baba, ya ɗora hannun Baba a kanta.

"Aboki, ka saye wagga. Ba ta ci ba sosai. Kuɗɗin mota nika nema. Wani ɗan'uwa ya samo mani gadi a Maraɗi, ƙohwar wani gida."

Baba ya ɗauki bakin igiyar ya fara aunawa yadda ya saba, ya ware hannu, ya haɗe, ya ware, leɓensa na motsi. Yana cikin haka yatsunsa suka faɗa kan ƙullinsa. Ya tsaya a nan, bai auna bakwai ɗin da suka rage ba.

"Shekara arba'in ina saida igiya," ya ce. "Tana tsinkewa, tana ruɓewa, ana sace ta. Ban taɓa ganin wadda anka maido ba." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Ba shi kuɗɗinta sabuwa."

Na shiga na jawo akwatin ciniki, na juye shi gaba ɗaya a kan tebur. Bai kai kuɗin igiya ɗaya ba. Na kawo abin da ke ciki a tafin hannuna na durƙusa gaban Baffa, na buɗe baki in ce bari in je gida in cika, sai ya riga ni. Ya dubi kuɗin ya ce, "Ya isa mota, ɗana." Ya ƙulle su a bakin rawaninsa, ya ɗauki sandarsa, ya yi wa Baba sallama.

Na bi shi a baya har tasha, bai ce in koma ba. Kamyon nan mai shuɗin kai shi ke lodi. Ya hau can sama kan kaya, ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi, fuskarsa na kallon arewa har motar ta juya.

Da na dawo na tarar da Baba yadda na bar shi, ƙullin na hannunsa, buta na tafasa a gefensa. Na tsuguna zan ƙara ganye. Ya ce, "Sauke ta. Gawayi na ƙonewa a banza."